Daga Ɗaurin Fata Zuwa Kapo: Tarihin Wata Dabarar Makaɗa

A cikin kayan kiɗan zamani babu abin da aka raina kamar kapo. Ɗan ƙarfe ne mai leɓen roba, tsawonsa bai wuce na yatsa ba, ana maƙala shi a wuyan jita ya danne tsirkiyoyi. Matasanmu na Hawata da Gadarif masu koyon jita suna ɗaukarsa kayan ragwaye, wai sai wanda ya kasa danne tsirkiya shida da yatsa ɗaya yake nemansa. Dattawa kuwa in sun gan shi sai su ce wani tarkacen Turawa ne. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi masa gurguwar fahimta. Ƙarfen na Turawa ne, babu musu. Amma dabarar da ke cikinsa ta daɗe a hannun makaɗan Hausa, ta kuma shigo Sudan a kafaɗar kakanninmu tun jita ba ta zama abin ji a rediyo ba. Tarihin wannan dabara nake so mu bi, domin wanda ya san shi zai fi sanin irin kapon da zai saya da yadda zai mora shi.

Mu fara da ita kanta tsirkiya. Duk tsirkiyar da aka ɗaure tsakanin wuri biyu, in an gajarta ta sautinta ya hau, in an tsawaita ya sauka. A jita mai tsirkiyar nailan, tsawon da ke kaɗawa galibi santimita 65 ne. An gitta ƙananan ƙarafa a wuyanta, suka raba shi gaɓa-gaɓa kamar karan rake, kowace gaɓa tana ɗaga sauti rabin mataki. A gaɓa ta 12 tsirkiya ta rabu biyu daidai, sai sautin farko ya dawo da siririyar murya, abin da makaɗan Sudan ke kira jawab. Aikin kapo shi ne ya tsaya a gaɓa ɗaya ya danne tsirkiyoyin shida lokaci guda. In an sa shi a gaɓa ta 2 tsawon ya koma kusan santimita 58, a ta 5 kuwa kusan 49. Yatsun makaɗi suna nan a tsarin da suka saba, amma jitar gaba ɗayanta ta hau. Amfanin haka a fili yake ga wanda aiki ya zaunar a ɗakin ɗaukar murya na rediyo irina. Mawaƙi yakan zo da muryarsa yadda Allah ya ba shi, ta safe daban, ta dare daban. Maƙogwaro ba ya sauyuwa, kayan kiɗa ne tilas su bi shi.

Makaɗan Hausa sun warware wannan matsala tuntuni. Dubi molo, ko garayar maharba, ko gurmi irin wanda Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi. Babu kunnuwan murɗawa a jikinsu irin na jita ko na ud. Wuyansu sanda ce mulmulalliya, babu ƙarfe ko ɗaya da aka gitta mata, kowace tsirkiya kuma an ɗaure ta a jikin sandar da siririyar fata da aka nannaɗa kamar zobe. Wannan ɗaurin fata aiki biyu yake yi. In an ja shi ko an sassauta, tsirkiya ta ƙara ƙarfi ko ta saki. Inda aka kafa shi kuma, nan tsirkiya ta ƙare, wato shi ke yanke mata tsawo. Tun da kowace tsirkiya da nata ɗaurin, ba dole ba ne su zo tsawo ɗaya. A molo akan bar ɗaya gajera, ɗaurinta can ƙasa kusa da ƙoƙo. Hannun hagu ba ya danna ta. Babban yatsa ne ke bugunta, tana maimaita sauti ɗaya tilo yayin da dogayen ke zagayen waƙa, kamar 'yar amshin da aka ba kalma guda ta riƙe. A tuna da wannan gajerar tsirkiya, za mu sake haɗuwa da ita a wuraren da ba a zata ba.

Yadda wannan ilimi ya iso bakin kogin Rahad labari ne na ƙafa. Hanyar hajji ta ƙasa, daga Kano da Sakkwato ta Borno, Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya, ta daɗe tana zubar da mutane a Sudan. Ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi a Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a hannun sojan Ingila. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar wajen 1906. An gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe baki suna neman hannu. Layin dogo ya iso Gadarif daga Kasala a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929, ya ratsa Hawata ya mai da ita garin tasha. Sunan garin kansa a Larabci masunta yake nufi, su kuwa Hausawa su da su da noman bakin kogi sai Allah. Gaskiya ne malaman jihadi ba su yi wa goge da molo kallon alheri ba, kuma da yawa cikin masu hijirar almajiransu ne. Amma ba malamai kaɗai suka bi hanyar ba. Akwai fatake, da maharba, da wanzamai, da masu neman aikin gona. Hanyar da ta ɗauko allo ita ta ɗauko molo. Ni kaina na taso na tarar da wani dattijo a unguwarmu, masunci ne, in dare ya yi yakan ɗauko nasa. Kafin ya fara sai ya yi gyaran murya, ya rera kalma biyu, sannan ya shiga tura ɗaurin fata da farce har tsirkiya ta yi daidai da abin da ya fito daga bakinsa. Murya ce gaba, tsirkiya tana biye.

Abin da baƙin suka tarar a Sudan bai yi musu nisa da kunne ba. Tambur na mutanen arewa da basankob na Beja, masu tsirkiya biyar, a al'ada da naɗin ƙyalle ko na fata ake ɗaure tsirkiyoyinsu a sandar sama, a murza naɗin don gyara sauti. Waƙar tsakiyar Sudan kuma a kan tsani mai hawa biyar take tafiya, wanda suke kira sullam khumasi, irin wanda waƙoƙin Hausa da yawa ke bi. Wannan kusanci yana cikin abin da ya sauƙaƙa wa A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Fallatiya. An haife ta a Kasala, mahaifinta malami ne Bahaushe. An buɗe Rediyon Umdurman a 1940, ba a jima ba ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa, 'yar'uwarta Jiddawiyya tana kaɗa ud. Ta rasu a 1974. Shi ud wuyansa babu gaɓoɓi, ba kuma a saba sa masa kapo ba, makaɗi kan murɗa kunnuwa ko ya sauya wurin yatsa. Jita ta samu gindin zama daga baya, ta hannun irin su Sharhabil Ahmad, wanda aka haifa a 1935 ake kuma yi wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, da matarsa Zakiyya Abul Ƙasim, mace ta farko da ta riƙi jita sana'a a ƙasar. Da shigowar jita sai tsohuwar tambaya ta dawo da sabuwar riga: ta yaya kayan da aka kafa wa ƙarafa a wuya zai bi muryar mutum?

Kafin mu ga amsar, akwai wani reshe na labarin da ya bi yamma. Mutanen da aka kwasa daga Afirka ta Yamma aka sayar bayi a tsibiran Karibiyan da Amurka sun ƙera abin kiɗa da ƙwarya da fata, shi ne ya zama banjo. Wani zane da aka yi a jihar Karolina ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 18 ya nuna wani bawa riƙe da shi, tsirkiya huɗu, ɗaya gajera. Masu bincike suna danganta shi da dangin kayan kiɗa irin su akonting na Jola a Senigal da Gambiya, da ngoni na Mali, dangin da molo da gurmi ke ciki. Har yau tsirkiya ta biyar a banjo gajera ce, tana tsayawa a gaɓa ta 5, babban yatsa ke bugunta. In mai banjo ya sa kapo ya ɗaga dogayen, gajerar takan zauna a baya, tilas a nema mata nata abin dannewa. Dabarar da suka samo za ta ba mutumin garin tasha dariya: ƙananan ƙusoshin da ake kafa layin dogo na wasa da su ake bugawa a wuyan banjo, a saƙala tsirkiyar a ƙarƙashi. Wato tsirkiya ɗaya da nata ɗaurin, kamar dai a molo.

A Turai kuwa, kalmar daga Italiyanci ta fito, capotasto, ma'anarta kan allon yatsu, wato inda tsirkiya ta fara. Wani masanin kiɗa ɗan Fulorans, Giovanni Battista Doni, ya rubuta ta a 1640. Makaɗan filamenko na kudancin Sifaniya sun riƙi nasu na katako mai igiya da ɗan turke da ake murɗawa, suna kiransa cejilla, kuma dalilinsu shi ne dalilin dattijon unguwarmu: mai jita bawan mawaƙi ne, inda muryar ta tsaya nan zai kai katakonsa. A 1850 James Ashborn na jihar Konetikat a Amurka ya yi wa kapo rajistar mallaka ta farko. A 1931 W. H. Russell ya yi wa mai igiyar roba rajista, mai araha, wanda har yau ake gani a kasuwa. Rick Shubb na Kalifoniya, wanda shi kansa makaɗin banjo ne, ya fara da ƙera wa gajerar tsirkiyar nan abin dannewa tare da Dave Coontz a 1974, sannan a 1980 suka fito da kapon jita mai ɗan sukurin daidaita matsi. A farkon shekarun 1980 Milton Kyser na Teksas ya kawo mai sifirin, wanda ake maƙalawa da hannu ɗaya kamar matsin shanya. G7th na Ingila ya biyo baya a 2004. A lura, ɗaya daga cikin manyan sunayen wannan sana'a ta hanyar tsirkiyar Afirka ya shigo ta.

Makaɗan Afirka ba su jira kanti ba. A 1952 Hugh Tracey ya ɗauki kiɗan wani saurayi, Jean Bosco Mwenda, a garin Jadotville na Katanga a Kwango, wanda yanzu ake kira Likasi. Da kapo can sama a wuyan jita yake kaɗawa, abin da ya ba kiɗansa tsaf-tsaf ɗin nan mai kama da ƙarar likembe. Makaɗan yankin da ba su da na kanti fensir suke gittawa su ɗaure da roba. A Mali, Ali Farka Ture na Niyafunke, wanda ya rasu a 2006, da 'yar gurkel mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya taɓa jita, kuma abin da ya koya a can shi ya juye a nan: yakan sauya ɗaurin tsirkiyoyi, ya sa kapo, ya bar wasu a sake suna gunji yayin da yatsa ke yawo a kan guda. Wanda ya saurari masu jitar Agadas zai ji wannan gunjin dai. In kiɗa ya sauya rawa ma takan sauya, amma kunne bai manta gida ba.

Nan ne guntun kapo ya shigo, wanda ke danne wasu tsirkiyoyi ya bar wasu. Wani Ba'amurke, Lyle Shabram, ya ƙera irinsa a shekarun 1970, mai 'yan robobi shida da ake juyawa ɗaya-ɗaya. A 1980 Harvey Reid da Jeff Hickey suka kafa kamfani suna sayar da shi da sunan Third Hand, wato hannu na uku. Daga baya Shubb da Kyser suka fito da nasu masu danne uku kawai. Ga yadda abin yake. Jita a sake, daga mai kauri zuwa siririya, tana cewa mi, la, re, sol, si, mi. In aka danne ta 5 da ta 4 da ta 3 a gaɓa ta 2, aka bar sauran, sai ta koma mi, si, mi, la, si, mi. Sauti uku ne kawai ke maimaita kansu, dukansu kuma suna cikin tsanin mi, sol, la, si, re mai hawa biyar. Wannan tsari ɗan'uwan wanda Davey Graham na Birtaniya ya yaɗa ne a farkon shekarun 1960 bayan ya je Maroko ya saurari masu ud, sai dai ya ɗara shi da mataki ɗaya. Bambancin shi ne, Graham sai ya murɗa kunnuwa, wurin kowane sauti ya sauya masa. Mai guntun kapo kuwa bai taɓa kunne ba. Duk sautin da yatsa ya danna sama da kapon yana nan inda aka san shi, sakakkun tsirkiyoyi kaɗai suka sauya. Akwai kuma mai danne biyar ya bar mai kauri ita kaɗai: a gaɓa ta 2, sai ta zauna can ƙasa tana ruri kamar tambari. Ga wanda ya san molo, duk wannan ba baƙon abu ba ne. Jita ce ta samu tsirkiyoyi masu tsawo daban-daban, wato ta koyi abin da sandar molo ta sani.

To wanne mutum zai saya? Abu na farko, ya dubi wuyan jitarsa. Mai tsirkiyar nailan fuskar wuyanta shimfiɗaɗɗiya ce mai faɗi, tana son kapo miƙaƙƙe. Mai tsirkiyar ƙarfe da ta lantarki fuskarsu da ɗan doro, suna son mai lanƙwasa. In aka musanya, ko dai na tsakiya su yi zizar ƙudan zuma, ko na gefe. Abu na biyu shi ne matsi. Mai sifirin yana da sauri, ya dace da gidan biki inda mawaƙiya za ta ce a ɗaga mata tsakiyar waƙa. Amma ƙarfinsa ɗaya ne ko'ina, wuyan jita kuwa yana ƙara kauri in ana hawa, don haka yakan matse fiye da kima ya ja sauti ya zarce inda ya dace. Mai sukuri yana cin lokaci, amma shi nake so a gaban makirfo, domin makirfo ba ta rufa wa kowa asiri. Abu na uku, wurin sawa: dab da bayan ƙarfen gaɓa, a miƙe, da matsin da ya isa ya kashe ziza kawai. Bayan an sa a sake sauraron kowace tsirkiya. Sai kuma yanayinmu. Zafin Gadarif yana busar da roba ta yi tauri ta fara cin tsirkiya, laimar damina kuma tana kumbura katako. Kada a bar kapo a wuyan jita ya kwana. Wanda ba shi da kuɗin guntun kapo yana iya samun mai sifirin na araha ya yanke robarsa, ya bar daidai faɗin tsirkiya uku, muddin ƙarfen ba ya taɓa waɗanda aka bari. Wanda ba shi da ko wannan, fensir da robar tayar keke sun ishe shi farawa. Sun ishi mutanen Katanga.

Sai dai kada a ɗora wa kapo abin da ba zai iya ba. Ƙarafan jita sun raba sauti kashi 12 daidai wa daida. Sandar molo da wuyan ud ba su san wannan rabo ba. Yatsa yana zamewa a kansu ya tsaya tsakanin sauti biyu, inda harshen Hausa mai hawa da sauka ya kai shi. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi ya yi wa duniya magana, kuma rabin daɗin kuntiginsa yana cikin waɗannan sautuka da ba su da gaɓa a jita. Kapo yana kai jita ƙofar gidan, shiga ciki kuwa sai da kunne da jan tsirkiya da yatsa.

Wannan kunne shi nake jin tsoron ɓacewarsa. A bukukuwanmu fiyano mai maɓallin ɗaga sauti ya kori kusan komai, kamar yadda ya yi a waƙoƙin finafinan Kano. Yaƙin da ya ɓarke a Afirilun 2023 ya ƙara tsananta lamarin. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda aka adana muryoyin su A'isha Fallatiya, ya kusa shekara yana hannun mayaƙa kafin soja su karɓe shi a Maris na 2024. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, jama'a suka kwararo gabas ta Dindir zuwa jihar Gadarif, Hawata na cikin garuruwan da suka sauke su. Wanda ke gudu da yara ba ya tsayawa ɗaukar molo. Faifai yana ƙonewa, dattijo yana mutuwa, abin da ya rage shi ne wanda ya shiga hannun wani mai rai. A ƙasar da har gobe ake tambayar Bahaushe yaushe ya zo, kiɗan da ya kwana shekara ɗari a bakin Rahad shaida ne da bai kamata a bari ya salwanta ba.

Shawarata ga matashin da ke da jita ita ce ya nemi dattijon da ya rage yana kaɗa molo ko garaya ko gurmi, a Hawata ko Mafaza ko Mai Wurno. Ya je da goro, ya gaishe shi, ya ce, “Baba, kaɗa mini in ji.” Ya saurari sautin da gajerar tsirkiya ke riƙewa, ya neme shi a jitarsa, ya matsa kapo har sakakkiyar tsirkiya ta faɗi wannan sauti, sannan ya bi waƙar da yatsa a kan guda ɗaya. Ya ɗauka a waya da izinin mai kiɗan, ya rubuta sunansa da garinsa da ranar. In ya kawo mana gidan rediyo, za mu sa.